Baƙon da ya sauka a Kwangila, wa zai nuna masa hanyar Fada?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da mu mutanen Zazzau muka saba da shi har ba ma ganinsa, wato yadda baƙo yake fama da motar haya a garinmu. Ɗalibin da ya zo yin shekara huɗu ba shi ne damuwata ba, shi kam kafin wata ya zagayo ya gane gari. Wanda nake nufi shi ne mai kwana biyu ko uku, wanda ya zo buɗe ido: ya ga ganuwa, ya ga Fadar Mai Martaba Sarkin Zazzau, ya kalli hawan Sallah, ya hau dutsen Kufena, ko kuma ya kawo 'ya'yansa su ga makarantar da ya yi karatu.

Duk wanda ya san Zariya ya san garuruwa ne da dama suka haɗu wuri guda. Ga Birni a cikin ganuwa, ga Tudun Wada da zarar ka fito Ƙofar Doka. Ka haye Kubanni ka faɗa Sabon Gari, wanda ya tashi albarkacin jirgin ƙasa tun lokacin da layin dogo ya ratsa nan ya isa Kano a 1911. A kan hanyar Funtuwa ga Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, gaba da ita kuma ga Shika da asibitin koyarwa. Wusasa da Kufena suna nasu ɓangaren. Ba mai haɗa waɗannan wurare da ƙafa a yini ɗaya. Dole baƙo ya shiga bas, ko keke mai ƙafa uku, ko ya hau acaɓa, kuma a nan ne wahalarsa take farawa.

Tun kafin ya shigo gari ma ake jarraba shi. Wanda ya taso daga Kaduna, tafiyar kimanin kilomita 80, ko wanda ya biyo jirgin ƙasa daga Abuja ya sauka tashar Rigasa a Kaduna ya shiga mota, sai ya ji direba yana tambayar inda zai sauka a Zariya: Ɗanmagaji ko Kwangila? Ɗan gari ya san mai zuwa Birni ko Wusasa gara ya sauka Ɗanmagaji, mai zuwa Samaru ko Sabon Gari kuma ya bari sai Kwangila. Baƙo bai san wannan ba, babu kuma allo ko ɗaya da zai gaya masa. Ya sauka inda ya ga jama'a sun sauka, sai ya tarar da kansa tsakiyar 'yan acaɓa da masu keke, kowa yana cewa "Alhaji ina za ka?", "Hajiya kawo jakar". Da ya buɗe baki aka gane ba ɗan gari ba ne, sai maganar shata ta taso, alhali ga keke can yana lodin mutane zuwa wurin da za shi a kan kuɗi kaɗan.

Abin da yake ƙona min rai shi ne, tsarin yana nan, kuma yana aiki. Akwai hanyoyi sanannu da motoci suke bi kullum: Samaru zuwa Kwangila zuwa PZ zuwa Sabon Gari, daga can a wuce Tudun Wada da Kongo, a shiga Birni ta Ƙofar Doka har Babban Dodo. Kowane yaron mota ya haddace su, kowace tsohuwa mai zuwa kasuwa ta san inda za ta sauka ta canja mota da abin da za ta biya. Sai dai duk wannan ilimi a ka yake, ba a rubuce ba. Kwandasta yana kiran sunan wuri da sauri irin na wanda ya faɗe shi sau dubu, kunnen baƙo ba ya kamawa. Bai san cewa zai ce "akwai" in yana son sauka ba. Bai san jami'a tana da harabar Samaru da ta Kongo ba, kuma tsakaninsu tafiya ce sosai. In ya ce a kai shi asibiti, ana iya nufar Shika da shi alhali a asibitin Tudun Wada ake jiransa. In ya ce kasuwa, ta Sabon Gari ko ta Birni?

Na san abin da wasu za su ce: matambayi ba ya ɓata, kuma Zazzagawa ba sa rowar kwatance. Gaskiya ne. Na sha ganin fasinja ya sauka inda ba nan za shi ba don kawai ya sa baƙo a hanya, na kuma ga mai keken da ya mayar wa mutum canjin da bai ma san yana bi ba. Amma kirkin mutane sa'a ce, wani ya dace wani bai dace ba. Ka tuna da matar da ta zo ita kaɗai da goyo bayan magariba, wadda ba za ta so ta tsaya tana tambayar maza a bakin titi ba. Ka tuna da wanda ya zo daga Ibadan ko Inugu ba ya jin Hausa, da ɗan Nijar da yake jin Hausa ras amma sunayen unguwanninmu baƙi ne a wurinsa. Waɗannan in suka sha wuya sau ɗaya, gobe sai su ɗauki shatar mota guda ta kai su Fada su ɗauki hoto su juya. Mai ɗinkin babbar riga a lungun Birni bai gan su ba, mai waina da mai fura ba su ci kuɗinsu ba, su kuma sun koma gida ba su ga Zariya ba.

Ba na ɗora wa direbobi da masu keke laifin duka. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota bai zauna wuri ɗaya ba. Mai keke yana da balas da zai kai wa mai abin hawa da yamma, ga tikitin ƙungiya, ga gyara, ga iyali. Mutumin da yake cikin wannan matsi, in ya ga wanda bai san farashi ba, sai mai tsoron Allah sosai ne ba zai ƙara wani abu ba. Rubutaccen farashi zai kare shi shi ma, don yawancin cacar bakin da ake yi a bakin titi a kan kuɗin da ba a yi magana ba tun farko ne.

Wanda ya taɓa zuwa Legas ya ga bambancin. Tun 2008 suke da motocin BRT masu hanyarsu da tashoshinsu, ka sayi katin Cowry ka zuba kuɗi, ka karanta inda motar ta nufa a goshinta ka shiga. Ba cewa nake a kawo mana irin wannan gobe ba, na san nauyin aljihun ƙananan hukumominmu. Abin da nake nema bai kai nan ba. Allo babba a Kwangila, da Ɗanmagaji, da PZ, da Ƙofar Doka, da bakin babbar ƙofar jami'a a Samaru, mai ɗauke da zanen hanyoyin gari da kuɗin kowane zango, da Hausar boko da ajami da Turanci, a riƙa sabunta farashin duk lokacin da ƙungiya ta sauya shi. Kowace bas a rubuta mata inda take zuwa a gaba. Kowane keke da lambarsa a fili, yadda wanda ya manta jaka zai san abin da zai faɗa a ofishin ƙungiya.

Matsalar da na hango ita ce ta wa zai ɗauki nauyi. Birni da Tudun Wada suna ƙarƙashin ƙaramar hukumar Zariya, Samaru da Kwangila na Sabon Gari ne, Shika kuma ta Giwa ce. Fasinja ɗaya yana ratsa hukumomi uku a tafiya guda, don haka aikin ba na ɗaya daga cikinsu ba ne shi kaɗai. Sai sun zauna tare da ƙungiyar direbobi ta NURTW da shugabannin masu keke da 'yan acaɓa. Kuma ba sai an nemo masana daga nesa ba. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa, NITT, a nan Zariya take, kan hanyar Basawa, tun 1986. Jami'a tana da sashen tsara birane da na nazarin taswira. Zana hanyoyin motocin hayar Zariya aiki ne da ɗalibai za su iya yi a zangon karatu ɗaya, a buga shi a takarda a ajiye a masaukin baƙi da tashoshi, a kuma sa shi a intanet yadda mutum zai duba a wayarsa tun yana gida.

Ranakun hawa su suka fi buƙatar wannan. Ranar Hawan Sallah da Hawan Bariki da Hawan Daushe hanyoyin da dawaki za su bi sukan cushe, mota ba ta kaiwa inda ta saba kaiwa, ɗan gari ya san lungun da zai bi, baƙon da ya zo takanas don kallon kuwa sai ya tsaya daga nesa yana jin ƙarar bindiga da algaita. Sanarwa a rediyo kwana biyu kafin Sallah, da matasa 'yan sa-kai a ƙofofin gari masu nuna inda za a sauka a taka, za su rage wannan sosai. Ina kyautata zaton Masarauta za ta yi maraba da hakan, don baƙin nata ne.

Ga kuma sabon layin dogo na Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, wanda zai bi ta Zariya. Ranar da ya fara aiki baƙi za su ƙaru, kuma gara su tarar mun shirya.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka turo wakilinka wanda bai taɓa zama a Zariya ba. Ya sauka Kwangila da jakarsa, kada kowa ya tarye shi, ya nemi hanyar Fada, daga can ya tafi Kufena, ya koma Samaru kafin isha'i, duk a motar haya. Ya rubuta abin da ya biya a kowane zango da abin da fasinjan da ke kusa da shi ya biya, ku buga kafin Sallah mai zuwa don shugabannin ƙananan hukumomin nan uku su karanta.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Tudun Wada, Zariya