Ƙwayar bitamin D ba ta narkar da teɓa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Wallahi raina ya ɓaci da shirinku na lafiya na makon jiya. Baƙon da kuka gayyato ya cinye lokacin kaf yana yabon ƙwayar bitamin D, wai ita ce za ta sauke wa matan da al'ada ta ɗauke musu teɓa, ta daidaita suga. Motsa jiki kuwa sai da mai gabatarwa ta ce lokaci ya ƙure sannan ya taɓo shi a gurguje. Haba!

Ni ungozoma ce, na yi ritaya. Da jinina ya ɗauke, zanen da nake ɗaurawa ya zagaye ni har ya yi saura sai ya koma da ƙyar bakinsa ke haɗuwa. Sinadarin estrojin ya ja baya, kitse ya tare a ciki, awon suga ya fara hawa. Na sha ƙwayar nan, likita ne ma ya rubuta mini saboda ƙashi, kuma ban raina ta ba, tana taimaka wa jiki ya tsotsi kalsiyam. Amma teɓa ko gezau. Abin da ya sauko mini da suga shi ne tafiya. Bayan sallar Asuba ni da maƙwabciyata mu zura hijabi da silifas mu zagaye unguwa da sauri har gumi ya tsatso, yara 'yan makarantar allo na yi mana dariya. A gida in tashi daga kujera in zauna ba dafa komai, in ɗaga galan ɗin ruwa. Ko sisi ban biya ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi a motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Me ya hana baƙon naku faɗa? A Amurka an gwada ƙwayar a kan mutum sama da 2,000 da ke dab da kamuwa da ciwon suga, sakamakon ya fito a 2019, bambancin da ke tsakanin waɗanda suka sha da waɗanda ba su sha ba bai kai a kafa hujja da shi ba. Bai kuma gargaɗi kowa cewa yawan shanta na tara kalsiyam a jini har ya kawo tsakuwar ƙoda ba. Yanzu yayata ta aika jikanta kemis ya sayo mata kwalba guda da kuɗin cefane, ta koma kan tabarma ta miƙe ƙafa, wai likitan rediyo ya ce. Da ya ce mata ta riƙa fitowa tsakar gida tana shan hantsi, ta ci kifin gwangwani da gwaiduwar ƙwai don ta samu bitamin ɗin, ai da ya fi.

Sannan don Allah ku duba layin wayarku. Kullum sai ku ce mu bugo, mu yi ta bugawa ba ya shiga, amma masu gaishe-gaishen nan guda uku ba sa rasa layi.

Taku mai sauraro,
Wata tsohuwar ungozoma, Kano