Gaisuwar Babbar Sallah daga Madurai

Zuwa ga Baba da Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barkanku da Sallah, Allah ya maimaita mana, ya dawo da alhazanmu gida lafiya. Ina gaida Yaya da iyalinsa, da Gwaggo, da su Auta. Ni lafiyata ƙalau, karatu na tafiya, sai dai kewar gida.

Da aka sauko idi, wani abokin karatuna Musulmi ya ja ni gidansu, aka cika min faranti da biriyani, wato dafa-dukan shinkafarsu, na naman akuya. Sun karrama ni ƙwarai, amma hancina ƙamshin suyar Inna yake nema, da hayaƙin babbakar kai a tsakar gida.

Yaya ya gaya min hoton da na turo, wanda na tsaya a gaban doguwar hasumiya mai sassaƙe-sassaƙe, ya tayar wa Inna hankali. Inna, ki kwantar da hankalinki, ɗanki na nan a kan tarbiyyar da kuka ɗora shi. Bari in ba ku labarin wurin.

Sunansa Rameswaram, tsibiri ne a can ƙuryar kudancin Indiya, kimanin kilomita 170 daga nan Madurai, garin da nake karatu. Jirgin ƙasa muka hau, ya ratsa teku ta gadar Pamban, hagu ruwa dama ruwa. Tsohuwar gadar tun 1914 aka fara binta, sai a 2025 aka buɗe sabuwa, wadda tsakiyarta ke ɗagawa sama idan jirgin ruwa zai wuce.

Gidan bautar da ke garin, Ramanathaswamy, ɗaya ne daga wurare huɗu da 'yan Hindu suka fi girmamawa a kusurwoyin ƙasar. A imaninsu, nan ne Rama, gwarzon tsofaffin labaransu, ya yi bauta ga Shiba, ɗaya daga manyan allolinsu, bayan ya dawo daga yaƙi a tsibirin Lanka. Ban shiga ba. Wanda ba Hindu ba yana da iyaka, ni kuma ban nemi in ƙetare ta ba. A waje na tsaya, kuma abin da na gani a wajen ya ishe ni tunani.

Tun kafin gari ya waye mutane ke gangarowa bakin teku su yi wanka, sannan su shiga ciki a kwara musu ruwan rijiyoyi 22, ɗaya bayan ɗaya, da guga. Haka za ka ga suna fitowa jiƙe sharkaf, tsoho da yaro. Wasu daga Baranasi suka taso, can arewa mai nisa, ɗauke da ruwan kogin Ganga a 'yar gora. Na ga wata tsohuwa da ƙafa ta gaza, ɗanta ya goya ta a baya har bakin ruwa. Da yawansu kuwa saboda iyayensu da suka rasu suka yi wannan doguwar tafiya, suna zaune a kan yashi ana yi musu karatu irin nasu. Hanyarsu daban, tamu daban, wannan babu ja. Amma ganin babban mutum da furfura yana kuka yana kiran sunan mahaifinsa ya taɓa ni. Da na koma masallaci na daɗe ina yi wa Kaka addu'a.

E, akwai masallaci, Baba, akwai Musulmi a tsibirin tun kaka da kakanni. A garin aka haifi Abdul Kalam a 1931, wanda ya zama shugaban Indiya daga 2002 zuwa 2007. Mahaifinsa liman ne, yana kuma da jirgin ruwan da yake fito da masu ziyara 'yan Hindu da shi. Da wannan sana'ar ya ciyar da gidansa, bai fasa limancinsa ba. Na je gidan nasu a Titin Masallaci, na kuma je kabarin Kalam ɗin, don da ya rasu a 2015 garinsu aka dawo da shi.

Daga nan muka ƙarasa Dhanushkodi, inda ƙasa ta tsuke ta zama siririn yashi har ta ƙare. Sri Lanka na tsallake, kimanin kilomita 30. Da gari ne mai tashar jirgin ƙasa, sai guguwar Disambar 1964 ta share shi cikin dare, ta tafi da jirgin ƙasa da fasinjojinsa sama da 100. Yanzu kango ne: bangon coci, da ragowar tasha, da bukkokin masunta masu soya kifi. A nan la'asar ta same ni, na shimfiɗa darduma a yashi na yi, direbanmu ɗan Hindu ya tsaya yana kare ni daga masu wucewa.

Na tura wa Yaya ɗan abin da ya samu, a yi wa yara goron Sallah, a ba Gwaggo nata. Inna, don Allah a ajiye min soyayyen nama, akwai ɗalibin da zai dawo nan bayan hutu. Ku ci gaba da sa min albarka, jarrabawa ta matso.

Wassalam,
Ɗanku