Kafin ka cire tsohon kullen

Assalamu alaikum, Abba.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mahaifiyarka ta nuna min hoton kullen zamanin da ka turo, wanda ake buɗewa da yatsa ko lambar sirri ko waya, ta ce kana jiran ta bakina kafin ka biya kuɗi. Na ga gara in rubuta, don a waya kai kana sauri, ni kuma ina mantuwa.

Ban hana ka ba. Gidan da yara ke ɓatar da makulli kowane zangon karatu, irin wannan kulle zai rage muku wahala. Amma ka san aikin kafinta daga awo yake farawa. Ɗauki tef ka auna kaurin ƙyauren, sannan ka auna daga gefensa zuwa tsakiyar ramin hannu. Wannan tazarar galibi milimita 60 ce ko 70. In ka ga an rubuta 6068 a jikin kwali, ana nufin 60 daga gefe, 68 tsakanin ramin hannu da ramin makulli. Ka kuma duba ko ƙofar dama take buɗewa ko hagu. Taka ƙofar ƙarfe ce mai sakata da yawa, irin ta Turkiyya, to in awon bai yi daidai ba, kullen za a canza. Kada ka yarda mai walda ya ce bari ya ɗan yanke nan ya ɗan ƙara can. Ƙofar da aka yanke ba ta komawa yadda take.

Wani abu da masu sayarwa ba su cika faɗa ba: a irin wanda ke kulle kansa, ɗan ƙaramin inji ne a ciki yake tura sakatar. Ni da kai in sakata ta cije, sai mu danna ƙofar da kafaɗa mu murɗa da ƙarfi. Shi ba shi da kafaɗa. Zai yi ta gurnani yana cinye batir har ya gaji. Saboda haka sai an daidaita ramin da ke jikin firam yadda sakatar za ta shige ba ta goga ko'ina ba. A kula da siririyar wayar da ke ratsa ƙyauren, kada sukuru ya matse ta. In an gama ɗaurawa, a bar ƙofar a buɗe a gwada komai, yatsa da lamba da kati da makulli, kafin a rufe ta ko sau ɗaya. Ranar rufewar farko ma wani ya tsaya a ciki.

Yanzu ga inda nake so ka natsu. Wanda aka fara yi wa rajista a kullen shi ne mai gida a wurinsa, shi ke ƙara mutum, shi ke cire mutum. Mai ɗaurawa zai sa yatsansa ko wayarsa don gwaji, ba da mugun nufi ba. Yana tafiya ka mayar da kullen yadda ya fito daga kamfani, maɓallin yana ta ciki kusa da gidan batir, ka yi rajistar kanka daga farko. Lambar da yake zuwa da ita, irin su 123456, ka canza ta nan take, kuma kada ka sa shekarar haihuwarka ko ƙarshen lambar wayarka.

Daga nan sai mutanen gida. Kowa da lambarsa, kowa a ɗauki yatsa biyu, ɗaya a kowane hannu. Da hunturu fata na bushewa ta tsattsage, na'urar ta ƙi gane ta, haka ma jiƙaƙƙen hannu bayan alwala. Hajiya kuwa in ta zo muku, kada ka wahalar da ita. Zanen yatsan tsofaffi ya suɗe, kati za ka ba ta. Ba abin kunya ba ne, a zaɓen 2015 na'urar tantance masu zaɓe ta ƙi karɓar Shugaba Jonathan kansa a Otuoke. Kuma ka san halin danginmu, ba sa sanar da zuwa. Ka koyi yadda ake tura lambar wucin gadi daga manhajar kullen da ke wayarka, wadda ke mutuwa da kanta bayan lokacin da ka sa mata, don kada ƙanwar uwarka ta sauka daga mota ta zauna a kan jakarta a ƙofar gida kana ofis.

Na ji an ce yana nuna maka a waya wa ya buɗe da ƙarfe nawa. Wannan don ɓarawo aka yi shi da lokacin dawowar yara daga makaranta. Kada in ji ka kira maiɗakinka kana tambayar ina ta je ƙarfe goma sha ɗaya. Ita ma a sa manhajar a wayarta, da iko daidai da naka. Ta fi ka zama a gidan, kuma ranar da wayarka ta faɗa ruwa za ka gode.

Ku zauna tare ku yanke maganar kulle kansa da yake yi. Ka ƙaddara ta fita shanya ba waya a hannu, iska ta turo ƙofa, tukunya na kan wuta, ƙaramin yana ciki. Ko dai ku tsawaita lokacin, ko ku kashe shi da rana. Daga ciki kuma dole ya buɗe da murɗa hannu kawai, ko yaro ya iya, saboda gobara, Allah Ya kiyaye.

Ɗauke wuta bai shafe shi ba, batir yake ci, yawanci AA guda huɗu ko takwas. Ka sayi batura masu kyau, waɗanda aka rubuta alkaline a jikinsu, na arha suna zubar da ruwa su cinye ƙarfen ciki. Yana fara ƙarar gargaɗi ka canza su gaba ɗaya. Abin da ɗauke wuta ke kashewa shi ne Wi-Fi, sai buɗewa daga nesa ta tsaya, kuma yawancin irin waɗannan kullen Wi-Fi mai 2.4 GHz kaɗai suke kamawa. A ƙasan ɓangaren kullen na waje akwai ramin USB da ake jona fawabank in batir ya mutu, ka nuna wa kowa inda yake. In rana da ruwa da ƙura na dukan ƙofar, nemi mai alamar IP65.

Makullan ƙarfen da ke cikin kwalin kada su kwana a durowar cikin gida. Ɗaya a jakarka, ɗaya wurin maƙwabcin da ka amince da shi, in da saura ka kawo mana.

Ka turo min hoton gefen ƙyauren da awon da ka yi kafin ka tura wa mutumin kuɗi. Mahaifiyarka na gaishe ku, ta ce a shafa mata kan yara.

Mahaifinka.