Kukan birki a kan ƙanƙara da ƙarar ƙafar mota: kada a haɗa su

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da direbobi da kanikawanmu. Ni mutumin Zariya ne, amma shekara shida ke nan ina zaune a Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba a Kanada. Abin da ya sa na rubuto shi ne wayar da ƙanena ya yi mini daga Kaduna a daminar da ta wuce. Ya ce in ya taka birki inda ruwa ya tara yashi a kan kwalta, sai birkin ya riƙa harbin ƙafarsa yana gurnani. Ya kai gareji, aka ce masa ABS ne, wato na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki, ke damunsa, a zare fiyus ɗinsa kowa ya huta. Na ce masa kada ya kuskura.

Ni ma wannan gurnanin ya taɓa ruɗa ni. A hunturuna na farko a nan, cikin watan Janairu, lokacin da sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifiri, ina dawowa daga aikin dare a kan titin Pembina, fitila ta ba da ja. Na taka birki. Sai na ji gurrr daga ƙarƙashin motar kamar ana niƙa tsakuwa, birkin yana rawa a tafin ƙafata. Na ɗauka wani abu ne ya karye, na ɗage ƙafa. Motar ta sulale har tsakiyar mahaɗar. Allah ya tsare, asuba ce, babu kowa.

Washegari na kai ta wurin wani dattijon bakanike. Bai ɗaga ta a jak ba. Ya shiga ya zauna a gefena, ya ce mu je bayan wani kanti inda filin ajiye motoci ya daskare kamar madubi. Ya sa na ɗan ɗauki gudu, ya ce in danne birki da ƙarfi kada in saki ko me na ji, kuma in juya sitiyari. Gurnanin ya dawo, motar ta bi inda na juya ta, ta tsaya. Ya bayyana mini cewa a kowace taya akwai 'yar na'ura mai ƙirga juyinta. Da zarar taya ɗaya ta nemi ƙamewa ta ja ƙasa, kwamfutar motar za ta saki birkin wannan tayar ta sake kamawa, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Ƙarar da nake ji ta famfon ABS ce, rawar kuma man birki ne ke kai da komo. Tayar da ta ƙame ba ta jin sitiyari, shi ya sa aka ƙera abin. Tun 1978 kamfanin Bosch da Mercedes-Benz suka fito da shi kasuwa, kuma daga Satumbar 2011 dokar Kanada ta wajabta wa sababbin ƙananan motoci na'urar hana santsi a kwana, wadda da wannan famfon take aiki. Shi ya sa ko ba ka taka birki ba, in bayan mota ya nemi zamewa a kwana, za ka ji gajeriyar ƙara, wata fitila ta ƙifta a gabanka.

To, amma daga nan na faɗa kuskure na biyu, wanda ya fi na farkon haɗari. Bayan hunturu uku sai wata ƙara ta fito daga gaban dama. Ƙwal guda ɗaya, mai nauyi, in na taka birki ko na shiga kwana. Na ce a raina ai ABS ne. Sati biyu ina yawo da ita, har da yara a baya. Ranar da na shiga wurin ajiye motoci na ƙarƙashin wani gini, inda siminti yake a bushe, na ji ƙwal ɗin nan yadda yake. Nan jikina ya yi sanyi, domin inda babu santsi, in ba birki mai tsanani aka taka ba, ABS ba shi da dalilin motsi. Dattijon ya ɗaga motar, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, tana wasa. Bol joyin ne ya cinye, wato gaɓar da ke haɗa taya da ƙafar mota. Ya ce in ya fita daga gurbinsa ana tafiya, tayar kwanciya take yi.

Tun daga ranar, tambayar da nake fara yi wa duk wanda ya kawo mini ƙorafin ƙara ita ce: tana yi a busasshiyar hanya? Kukan ABS gurnani ne mai sauri, yana zuwa tare da rawar birki a ƙafa, yana ɗaukewa da zarar taya ta samu ƙasa mai kamawa. Ƙarar ƙafar mota kuwa ba ruwanta da ƙanƙara. In ƙwal ɗaya ce lokacin tsayawa, ta sake yi in ka sa ribas, a duba bushin, wato robobin ƙafar mota, da notunan da ke riƙe da birki. In ƙas-ƙas-ƙas ce a jere idan ka karya sitiyari har ƙarshe kana tafiya a hankali, shaf ne, wato ƙarfen da ke kai juyin inji ga taya, galibi robarsa ta yage giris ya zube. Sanyin nan yana ƙandarar da roba har ta tsage, kamar yadda zafi da ƙura suke yi mata a gida. In ka kama taya dama da hagu tana wasa, tayarod ne, wato ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya. Akwai kuma wadda ba ta cin ko kwabo: dunƙulen ƙanƙara da ke taruwa a bayan taya, taya ta riƙa gogarsa a kwana. Wannan da ƙafa ake hamɓare shi.

Abin da ya fi damuna game da gida shi ne, da yawa daga motocin da ake sauke mana ta Legas da Kwatano daga irin waɗannan ƙasashe suke fitowa, inda ake watsa gishiri a titi duk hunturu. Gishiri yana cin ƙarfe. Tsatsa takan taru a ƙarƙashin na'urar ƙirgen nan ta ɗaga ta, sai ta riƙa ba da labarin ƙarya, ABS ya motsa a busasshiyar kwalta lokacin da mota ke dab da tsayawa. Wannan ciwo ne na gaske, amma maganinsa a kankare tsatsar ko a sauya na'urar. Zare fiyus yana kashe ƙarar, yana kuma kashe abin da zai bar maka sitiyari ranar da ɗan acaɓa ya gitta a jiƙaƙƙen titi. Mafi muni, wasu har ƙwan fitilar suke cirewa don mai saye kada ya gani. Ina roƙon duk mai sayen mota ya murɗa makulli ya duba: fitilar ABS ta kama, sannan ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. In ba ta kama ba sam, an taɓa ta.

Na san hujjar direbobin burji, kuma ba ƙarya suke yi ba. A kan tsakuwa ko yashi mai zurfi, mota mai ABS takan ɗan ƙara nisa kafin ta tsaya. Abin yi a nan shi ne rage gudu da barin tazara, kamar yadda muke yi a kan dusar ƙanƙara.

Ƙanen nawa ya bar fiyus ɗinsa. Na sa ya aiko mini da hoton tayoyin gaba, na ga sun suɗe babu zane. Ya sauya su, ya kuma je wani fili mai yashi ya gwada danne birkin har sau uku don ƙafarsa ta saba.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku,
daga Winnipeg, Kanada.