Sauya Allurar Korona Ba Shaidar Yaudara Ba Ce

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in tanka wata magana da ta ƙi mutuwa a majalisu da zaurukan WhatsApp, wai da rigakafin korona gaskiya ne da ba a yi ta sauya shi ba. Ban ce kamfanonin magani waliyyai ne ba. Wanda ya san abin da ya sami yara a Kano a 1996 lokacin gwajin maganin sanƙarau yana da hujjar yin ɗari-ɗari. Amma a wannan batu ƙwayar cutar ce ke rikiɗa, masu haɗa allura suna bin ta a guje.

Idan ƙwayar ta shiga jiki, kwafar kanta take yi ba adadi, kuma a wajen kwafar akan sami kuskure. Galibin kuskuren ba ya tsinana komai. Matsalar ita ce idan ya faɗa kan tsinin da take maƙalewa da shi a hanci da huhu, domin yawancin alluran farko wannan tsinin suka koya wa garkuwar jiki ta gane, kuma na ƙwayar da aka fara ganowa a birnin Wuhan na China ne. Tamkar ka ba mai gadi hoton ɓarawo ne, ɓarawon ya aske gemu ya naɗa rawani.

An ga haka ƙarara a Afirka ta Kudu. A Fabrairun 2021 ƙasar ta riga ta karɓi allurar AstraZeneca miliyan ɗaya daga Indiya, sai gwajin da aka yi a can ya nuna ba ta hana kamuwa da sabon nau'in korona mai suna Beta yadda ake so. Nan take gwamnati ta dakatar da ita. Sannan a Nuwamban shekarar wani nau'in mai suna Omicron ya bayyana da sauye-sauye fiye da 30 a tsinin kaɗai, ya kama har waɗanda suka yi allura biyu. Abin da masu gardama ke tsallakewa shi ne, ko a lokacin waɗanda aka yi wa allurar ba su cika kwanciya asibiti ko rasa rai kamar sauran ba, saboda akwai ɓangaren garkuwar jiki da ke farautar ƙwayoyin jikin da cutar ta riga ta shiga, kuma shi bai cika ruɗuwa da sauyin kama ba.

Allurar mRNA, irin ta Pfizer da Moderna, wadda ke ba jiki umarnin ƙera kwatankwacin tsinin domin garkuwa ta gane shi, tana da sauƙin gyara, tunda umarnin da ke cikinta kawai ake sauyawa. Duk da haka cutar ta fi masana'anta sauri. Lokacin da Birtaniya ta amince da sabuwar allurar Moderna mai ɗauke da Omicron na farko a Agustan 2022, wani reshensa, BA.5, ya riga ya mamaye gari. A 2023 aka sake gyara allurar don reshen XBB.1.5, a 2024 kuma don dangin JN.1. Haka ake yi wa allurar mura tun da daɗewa: Hukumar Lafiya ta Duniya na zama sau biyu a shekara ta zaɓi nau'in da za a saka, babu wanda ya kira shi damfara.

In da abin jin haushi, ga shi nan. Ba a gyara allura sai an san abin da ke yawo, kuma masanan Afirka sun yi nasu. Cibiyar binciken ƙwayoyin cututtuka ta ACEGID da ke Ede a jihar Osun ce ta fara karanta ƙwayar halittar korona a nahiyar nan a Maris 2020. Masanan Botsuwana da Afirka ta Kudu ne suka sanar da duniya Omicron. Tukuicinsu? Ƙasashe da dama suka hana matafiyansu shiga, Birtaniya ta haɗa har da Najeriya. A Disamban 2021 ɗin nan aka lalata allurai fiye da miliyan ɗaya a Abuja, domin an kawo mana su wa'adinsu na gab da ƙarewa.

Don haka, ranka ya daɗe, ina roƙon ka tura wakilinka hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ya tambaye su samfurin korona nawa ake tantancewa yanzu a wata, da kuma nawa daga ciki suka fito daga jihohin arewa.

Wassalam.

Malamin kimiyya,
Zariya