Kayan lambu ba ado ba ne a gefen faranti

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, dan Allah a ba ni ɗan fili a jaridar nan tamu mai farin jini in amayar da wani abu da ya daɗe yana min yawo a rai. Duk shafin lafiya da mutum ya buɗe zai ga an rubuta a yawaita cin kayan lambu, likita ma in ka je haka zai ce maka, amma ba mai tsayawa ya ce ga yadda za a sarrafa su har su ciwu. Sai mutum ya koma gida ya zuba kabeji da karas a ruwa ya bar su kan wuta har su yi lugub, ya ci kwana biyu cikin haƙuri kaman mai shan magani, rana ta uku ya ce shi kam ganye ba nashi ba ne. Ni kuma nace ba ganyen ne bai so ba, girkin ne aka kashe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, wato kashi biyar kowanne giram 80, kuma ta cire dankali kowane iri da rogo daga lissafin, saboda haka masu cika faranti da soyayyen dankali suna cewa ai shima daga lambu ya fito, to ba ku ciki. Masana abinci na jami'ar Harvard da ke Amurka da suka fitar da hoton farantinsu a 2011 rabin farantin suka ba kayan lambu da 'ya'yan itace, sauran rabin ne hatsi da nama ko kifi ko wake suka raba. Yanzu a duba abin da ake yi, shinkafa ko taliya ta cika faranti fam, sai a ɗora yankan kokwamba guda biyu da zoben albasa a gefe don hoto yayi kyau. Wannan ko giram 80 ɗin farko bai kai ba.

Abu na biyu da ke ba ni haushi shine salak ɗin da aka nutsar cikin mayonis. Babban cokali ɗaya na mayonis yana da kalori kusan 90 zuwa 100, kuma waye yake tsayawa a cokali ɗaya? Ana zuba biyar shida a juya har kabejin ya ɓace, a ƙara suga a wani lokacin, mutum ya ci yana jin ai yau ya kyauta wa jikinsa. Ba nace haram ba ne, amma a daina kiransa abincin rage ƙiba.

Bari in fara da kabeji don shi aka fi zalunta. Warin nan da mutane ke gudu, wanda ke cika gida har maƙwabta su san me ake dafawa, daga sinadarin salfa da ke cikinsa yake fitowa kuma daɗewa a wuta ne ke ƙara shi. A yanka shi siriri, a bar kasko yayi zafi sosai tukunna, mai cokali ɗaya, a jefa tafarnuwa da citta da aka daka, da zarar ƙamshi ya tashi a zuba kabejin a yi ta juyawa, minti uku zuwa huɗu ya isa. Za a ga ya ɗan risina yana sheƙi amma in aka ɗauki ɗaya aka tauna yana ƙaras ƙaras, to nan ake saukewa, kar a ce bari ya ƙara nuna, zafin kaskon ma zai ci gaba da aiki bayan an kashe wuta. Gishiri kaɗan, masoro, a matse lemun tsami a kai. In kuma ɗanye ake so, bayan an yanka a barbaɗa gishiri ɗan kaɗan a sa hannu a murtsuke shi na minti ɗaya ko biyu har ya fara fitar da ruwa ya yi laushi, a tsiyaye ruwan, a goga karas a kai, albasa, lemun tsami ko khal, ɗan mai, a bar shi kwata na awa ya jiƙu. Wallahi ba wanda zai tambayi mayonis. Akwai kuma hanya ta uku da mutane ba su cika gwadawa ba, a raba ƙullin kabejin gida shida ko takwas ba tare da an cire zuciyar ba don kar ya wargaje, a shafa mai a kwantar a kasko mai zafi kar a taɓa shi sai gefen yayi ruwan ƙasa har ya ɗan soma ƙonewa, a juya ɗaya gefen, a yayyafa ruwa kaɗan a rufe minti biyar. Wannan ƙonewar ta baki baki ita ke fito da zaƙinsa, wanda bai sani ba sai ya rantse an sa suga.

Dalilin da yasa nake ta nanata mintoci shine, bitamin C da folet, wani nau'in bitamin B, suna narkewa a ruwa kuma zafi na lalata su, to in aka tafasa ganye cikin ruwa mai yawa aka daɗe sannan aka tsiyaye ruwan aka zubar, rabon kwata ne aka dafa. Turarawa ta fi, ko a madambaci ko a ɗora kwalanda kan tukunya a rufe. Masu jefa bekin soda don ganye ya tsaya kore shar kuma su sani kalar suke saya da bitamin ɗin, don soda na kashe bitamin C da B1, ga shi tana sa ganyen ya dame.

Amma kuma kar a ɗauka komai ɗanye ne ya fi, wannan ma wani kuskuren ne da ya yaɗu. Karas sinadarin da ke ba shi kalar nan, wanda jiki ke mayarwa bitamin A mai taimakon ido da garkuwar jiki, ya fi shiga jiki in an ɗan dafa shi kuma da maiƙo a tare, don bitamin A da D da E da K duk sai da mai suke narkewa. Tumatir ma haka, jan sinadarinsa da ake kira laikofin ya fi samuwa bayan ya ji wuta. Kenan masu cin salak tsura ba ɗigon mai saboda tsoron ƙiba suna cutar kansu ta wani gefen. Cokali ɗaya na man zaitun ko kowane man girki mai kyau, ko a barbaɗa riɗi ko gyaɗa da aka soya sama sama, shikenan. Cokali ɗaya fa nace, don shi ma kalori kusan 120 ne.

Mai oben ya huta. Karas, kabewa, albasa, tattasai, farin kabeji, a yanka su girma ɗaya, a juya da mai da gishiri da yaji, a baza a tire a zafin digiri 200 zuwa 220 na minti 25 zuwa 35, a juya sau ɗaya a tsakiya. Sharaɗin kawai kar a cunkusa su, in suka hau kan juna ruwan jikinsu ne zai turara su, su fito jagab ba gasuwa.

Koren wake kam a tafasa ruwa da gishiri, a zuba minti uku ko huɗu, a kwashe a tsoma a ruwan sanyi nan take don dahuwar ta tsaya, sannan a ɗan soya da tafarnuwa a watsa riɗi. Shi ba a cinsa ɗanye da yawa, yana ɓata ciki. Kuma lemun tsami sai za a kai gaban mai ci ake matsawa, in aka sa da wuri tsamin ke mayar da koren ya koma wata kala mara daɗin gani. Alayyahu ko ruwa ba ya so, a wanke a zuba a tukunya da ɗan ruwan da ya maƙale a jikinsa a rufe, minti biyu ya faɗa, abin da ya cika roba ya dawo cikin tafin hannu, shi yasa nake dariya in naga an sayo ɗauri ɗaya wai na mutum shida. Sinadarin ƙarfen da ke cikin ganye ba ya shiga jiki da sauƙi irin na nama, bitamin C ne ke taimaka masa, shayi da kofi kuma suna tare shi, don haka lemun tsami ko ɗanyen tattasai a kan ganyen, shayin kuma a ɗan jinkirta shi bayan cin abinci, musamman mata masu fama da ƙarancin jini.

Akwai dabaru biyu na wasu ƙasashe da ya kamata kowa ya ara. Mutanen Indiya da Turkiyya da Girka duk suna haɗa kokwamba da yogot mara suga da tafarnuwa ko na'a-na'a, su ajiye kusa da nama ko shinkafa mai yaji. Sirrin shine a goga kokwambar a sa mata gishiri a matse ruwan kafin a haɗa, in ba haka ba kafin a zauna cin abinci ya tsinke ya zama ruwa. Mutanen Lebanon da Siriya kuma babban yalon nan mai baƙar fata suke ɗorawa kan wuta kai tsaye har fatar ta ƙone ƙurmus cikin ya yi laushi, su ɓare su dame da tafarnuwa da lemun tsami da niƙaƙƙen riɗi, ƙamshin hayaƙin nan shine daɗin. Kuɓewa ma ga wanda yauƙi ke hana shi ci, a wanke a bar ta ta bushe sarai kafin wuƙa ta taɓa ta, a tsaga ta a tsaye a soya a kasko mai zafi ba murfi, ba yawan juyi.

Tafarnuwa in an daka ta a bar ta kaman minti goma kafin ta shiga wuta, dakan ne ke sa sinadarin alisin, mai ba ta ƙamshi da amfaninta, ya haɗu, zafi kuma na tsayar da aikin. Kafin a gama yanka sauran kaya lokacin ya cika.

Sai maganar gishiri, don nan ne duk wahalar ke tashi a banza. Ƙasa da giram 5 a rana hukumar lafiyar ta ce, bai ma cika ƙaramin cokali ba, kuma na duk abincin yini ne ba na girki ɗaya ba. Dunƙulen ɗanɗano kuwa mafi yawansa gishiri ne, to in aka marmasa biyu a ɗan kwanon ganye aka ƙara gishiri a kai, mai hawan jini me ya tsira da shi? Sau da yawa in aka ɗanɗana aka ji kaman da saura, tsami ne babu ba gishiri ba, a gwada lemun tsami tukunna. Kayan lambu na gwangwani irin su masara da wake a tsiyaye ruwan a ɗauraye don a rage gishirinsu. Na firiza kuma kar a raina su, ana daskarar da su ne jim kaɗan bayan an tsinko, sun fi wanda ya kwana bakwai a kwando yana yaushi.

Ɗanyen abu yana son tsafta, wannan ba wasa ba ne. A 2011 a Jamus ƙwayar cutar E. coli ta kashe mutum sama da 50 ta kwantar da dubbai, da aka bi diddigi tsiron hulba ne da ake ci ɗanye a salak. A wanke da ruwa mai tsafta ganye ganye, ba sabulu, katakon da aka yanka ɗanyen nama ko kaza a kai kar latas ya hau shi, kuma abin da aka dafa ko aka haɗa da yogot kar ya wuce awa biyu a waje ba firij.

Masu ciwon ƙoda da aka ce su rage fotasiyam, da masu shan maganin tsinka jini irin warfarin wanda bitamin K na koren ganye ke taɓa aikinsa, da masu yawan samun tsakuwar ƙoda da alayyahu ke iya ƙara musu, su dai su tuntuɓi likitansu kafin su canza cima. Wanda bai saba ba kuma ya ƙara a hankali yana shan ruwa, in ya tashi rana ɗaya ya cinye kwanon kabeji da wake cikinsa zai kumbura ya ce mun cuce shi. Yara kuma ba a yi musu dure, a dai ci gaba da sawa kaɗan a farantinsu ko sun ture, su ga manya na ci, yaro sai ya ga abu sau da yawa kafin ya yarda da shi.

Roƙona gare ka Malam Edita, dan Allah masu rubuta muku shafin girki da na lafiya su riƙa faɗin minti nawa, cokali nawa, wuta mai ƙarfi ko kaɗan, a rufe ko a buɗe, maimakon a ce a dafa har ya nuna. Kuma ko sau ɗaya a wata a ware shafin ga kayan lambu zalla, kek da soye soye sun samu rabonsu ai.

Na gode, Allah ya ƙara basira. Wassalam.

Daga wata mai karanta jaridarku a kullum