Gyaran jikin tsohuwar mota: a daidaita ƙarfe kafin a shafa fila

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana da masu tsofaffin motoci irina, waɗanda jikin motarsu ya lotse nan da can, kuma kuɗin kai ta wurin masu gyaran jiki ya fi ƙarfin aljihunsu. Mutum yana iya yin kaso mai yawa na wannan aiki da hannunsa, da kayan da ba su taka kara sun karya ba, amma na lura cewa yawancin masu gwadawa suna farawa ne da shafa fila, wato kwaɓin da ake cike lotsawa da shi kafin fenti, wanda shi ne ya kamata ya zo kusan ƙarshe, shi ya sa aikinsu ba ya daɗewa.

Motar da nake hawa na hannu ce, kuma ranar da na saye ta ƙofar bayanta sumul take, ba ka ganin alamar ta taɓa buguwa. Bayan 'yan watanni sai fentin wurin ya fara kumbura, daga baya ya tsage. Da na kankare, sai na tarar da fila mai kaurin ɗan yatsa an lafta shi a kan ƙarfen da tsatsa ta riga ta ci, ba a ko yi ƙoƙarin fito da lotsawar ba. Abin ya yi mini ciwo, domin da an bar ƙofar a lotse yadda take, da ɓarnar ba ta kai haka ba.

Dalilin kuwa a bayyane yake ga wanda ya san abin da fila ya ƙunsa. Wani irin ƙaro ne na roba da aka cuɗa da garin hoda, kuma yana shan danshi, saboda haka idan aka ɗora shi a kan tsatsa sai ya riƙe ruwa a jikin ƙarfen, tsatsar ta ci gaba da aikinta a ɓoye. Haka kuma ba ya lanƙwasa yadda ƙarfe yake yi, idan ya yi kauri sai jijjigar hanya da rufe ƙofa su tsaga shi. Masu yin sa suna cewa kada kaurinsa ya wuce kimanin milimita 6, ƙwararru kuma sun fi son ya tsaya a milimita 3 ko ƙasa da haka. Aikinsa shi ne cike 'yan ƙananan ramukan da guduma ta bari.

Ainihin aikin yana kan ƙarfen ne, kuma nan ne ake bukatar haƙuri. Kaurin ƙarfen jikin yawancin ƙananan motoci bai kai milimita 1 ba, don haka ba ya son duka mai ƙarfi. Bayan an wanke wurin, a cire marfin cikin ƙofar ko abin da ya tare bayan madigadi domin hannu ya kai. Idan lotsawar mai faɗi ce kuma ba ta yi kaifin lanƙwasa ba, sau da yawa turawa da tafin hannu daga ciki, ko jawowa da roba mai zuƙo iska, ya isa ya dawo da ita. Idan kuwa ta yi kaifi, sai a nemi guduma mai sumul ɗin baki da wani dunƙulen ƙarfe mai nauyi da za a tokara ta baya. A fara daga gefen lotsawar ana zagayawa ana matsowa tsakiya a hankali, domin gefen ne yake riƙe da ƙarfin da ya hana ƙarfen komawa mazauninsa. Wanda ya fara dukan tsakiya da ƙarfi zai miƙar da ƙarfen, kuma ƙarfen da ya miƙe yakan riƙa shiga yana fita kamar marfin gwangwani, wanda gyaransa sai da wuta da gwanintar da mai koyo ba shi da ita. A riƙa shafa wurin da tafin hannu ana kuma ɗora rula, domin hannu yana jin tudu da kwarin da ido ba ya gani. Bambar roba kuwa ba ta bukatar guduma, a zuba mata ruwan zafi ta yi laushi, a turo ta daga baya, sannan a zuba na sanyi.

Tsatsa ba a yi mata sassauci. A goge ta har sai farin ƙarfe ya bayyana, a kuma shafe bayan wurin da fenti ko maganin tsatsa. Inda ta riga ta huda, a bar batun fila, a kai wa mai walda ya yanke wurin ya sa sabon ƙarfe. Cusa takarda ko raga a rami a lulluɓe ba ya riƙe komai.

Sai bayan wannan ake kwaɓa fila. A goge wurin da sanfefa mai lamba 80 har a zarce lotsawar kaɗan, a haɗa fila da maganin da ke daskarar da shi, kimanin kashi 2 cikin 100, a kan farantin roba ko na ƙarfe mai tsabta, ba a kan kwali ba. A kwaɓa kaɗan kaɗan, domin cikin 'yan mintoci yake fara tauri, musamman idan ana zafi. A danna shi sosai a shafa siriri, bayan minti 20 zuwa 30 a goge da lamba 80, sai 180, sai 320, kuma a naɗe sanfefar a jikin katako mai shafaffen baki, domin yatsu kaɗai suna barin kwari. Kada a goge fila da ruwa, kada kuma a bar shi ya kwana a fili cikin raɓa ba a fesa masa fentin shimfiɗa ba, wato fentin farko da ake sawa kafin na kala.

Lambar kalar mota tana jikin wata 'yar alama da kan kasance a bakin ƙofar direba ko ƙarƙashin bonet, da ita ake haɗo fenti. A fesa daga nisan santimita 20 zuwa 25, siriri sau biyu ko uku. Kalar ba za ta zo daidai da tsohon fentin da rana ta dafa ba, kuma a ganina wannan ba abin damuwa ba ne a tsohuwar mota, muddin ƙarfen ya tsira daga ruwa. Abin damuwa shi ne huhu. Ƙurar fila da tururin fenti suna cutarwa, saboda haka a yi aikin a sarari da takunkumin da ya dace. Fentin da ake haɗawa da maganin daskarewa kuwa yana da sinadarin da ke jawo asma, takunkumin ƙura ba ya tare shi, gara a bar wa masu kayan aikinsa.

Akwai kuma iyakar da bai kamata mai gyaran gida ya ƙetare ba. Idan bugun ya taɓa ginshiƙan da ke riƙe da rufin mota, ko ƙashin bayanta na ƙasa, ko kuma ƙofa ta daina rufuwa daidai, mota tana jan gefe guda, to maganar ta wuce kwalliya, ta shafi rayukan waɗanda ke ciki, dole a kai wa ƙwararre. Kafin a taɓa bambar motar da ke da jakar iska, wato jakar da ke kumbura ta kare mutum idan an yi karo, a cire kan batir, domin a wasu motocin na'urorin da ke tayar da ita suna kusa da wurin.

Ga masu shirin sayen tsohuwar mota, su tafi da ƙaramin maganaɗisu su bi jikinta da shi, domin inda fila ya yi kauri a kan ƙarfe ba zai kama sosai ba. Wanda kuma ya gyara tasa zai sayar, ya nuna wa mai saye wuraren da ya taɓa. Ƙofar tawa sai da aka yanke ƙasanta aka yi walda, sauran aikin na yi shi da kaina cikin kwana uku, kuma har yau fentin bai sake kumbura ba.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Wani mai karatu